Baƙon kirki da baƙon banza: yadda Birtaniya ke rarraba baƙar fata

A daren 12 ga Agustan 2011, kwanaki kaɗan bayan lafawar tarzomar da ta ƙone sassan Landan, Birmingham, Manchester da Liverpool, gidan talabijin na BBC ya gayyato masanin tarihi David Starkey don ya faɗi abin da ya jawo ta. Wutar ta tashi ne daga unguwar Tottenham, inda 'yan sanda suka harbe wani baƙar fata mai suna Mark Duggan ranar 4 ga watan. Amma hotunan da kowa ya gani sun nuna masu fasa shagunan ba launinsu ɗaya ba, akwai Turawa jajur da yawa a cikinsu, musamman a Manchester da Salford. Wannan bai dami Starkey ba. Cewa ya yi ai fararen ne suka rikiɗe suka zama baƙaƙe, wai wata al'adar daba da ɓarna ta baƙar fata ce ta zama abin yayi har 'ya'yan Turawa suka ara. Ya ƙara da cewa in a rediyo ka ji David Lammy, ɗan majalisar Tottenham kuma baƙar fata, sai ka ɗauka Bature ne ke magana.

A duba yadda aka ƙera wannan magana. In baƙar fata ya yi laifi, al'adarsa ce. In Bature ya yi, aron al'adar baƙar fata ya yi. In baƙar fata ya yi karatu ya zama mutum, to ya bar nasu ya koma Bature. Ko ta ina aka juya, ba ta faɗuwa. Hujjar da babu wani abu a duniya da zai iya ƙaryata ta kuwa ba bincike ba ce, hukunci ne da aka yanke tun kafin a zauna shari'a.

Ba Starkey ya fara ba. A watan Afrilun 2007, Tony Blair, yana firaminista kuma shugaban jam'iyyar Labour, ya yi jawabi a Cardiff inda ya ce a daina kwana-kwana, kashe-kashen wuƙa da bindiga na Landan matsala ce ta wani ɓangare na matasan baƙar fata, ba talauci kaɗai ba. Tun 1978 ma Stuart Hall, masani haifaffen Jamaika, da abokan aikinsa na Jami'ar Birmingham suka rubuta littafi guda a kan yadda jaridu da alƙalai da 'yan sanda suka ɗauki ƙwacen kan titi, laifin da ya daɗe a Ingila, suka mayar da shi tamkar sabuwar annoba da samarin Karebiyan, wato 'yan asalin tsibirai irin su Jamaika, suka shigo da ita.

Abin da ke ba zancen ƙarfi shi ne akwai gawarwaki na gaske a bayansa, kuma wanda ya musa wannan bai taimaki kowa ba. Ƙidayar 2021 ta nuna baƙar fata kashi 4 cikin 100 ne na mutanen Ingila da Wales, a Landan kuma kusan kashi 13 da rabi. Duk da haka alƙaluman hukumar ƙididdiga sun sha nuna cewa yiwuwar a kashe baƙar fata ta ninka ta Bature kusan sau huɗu, kuma a Landan samarin baƙar fata sun yi yawa fiye da kasonsu a cikin waɗanda ake kashewa da waɗanda ake tuhuma. 'Yan Najeriya ba su manta da Damilola Taylor ba, yaro ɗan shekara 10 da ya zo daga Legas, wanda ya zubar da jini har ya cika a kan matakalar wani bene a Peckham a Nuwamban 2000, watanni kaɗan da isowarsa. Iyayen da ke binne 'ya'yansu a Peckham da Croydon sun fi kowane mai sharhi son a kawo ƙarshen abin. Tambayar ita ce mene ne sanadi, domin sanadin da ka ambata shi ke nuna maganin da za ka nema.

Hanya mafi sauƙi ta gwada zancen al'ada ita ce a nemi inda ake irin wannan kisa alhali babu baƙar fata. Ba sai an je nesa ba. A farkon shekarun 2000 birnin Glasgow na Sikotland ne ake yi wa kirari da hedikwatar kisan kai ta Yammacin Turai, kuma masu sara da waɗanda ake sara kusan dukkansu Turawa ne, 'ya'yan unguwannin talakawa da masana'antunsu suka mutu. Tun shekarun 1920 da 1930 aka san birnin da 'yan daba masu yanka fuska da aska. A shekarar 2004 zuwa 2005 an kashe mutum 137 a Sikotland. Babu wanda ya hau talabijin ya ce jinin Turawa ne ko al'adarsu. Abin da aka yi shi ne, a 2005 rundunar 'yan sandan Strathclyde, yankin da Glasgow take, ta kafa sashen rage tashin hankali ƙarƙashin John Carnochan da Karyn McCluskey, suka ɗauki abin a matsayin cuta mai yaɗuwa. Ana tara samarin a zauren kotu, likitan tiyata ya nuna musu hotunan raunukan da yake ɗinkewa, uwar da ta rasa ɗanta ta yi musu magana, 'yan sanda su ja musu kunne, sannan a ba kowa lambar wayar da zai kira in yana son aiki, horo ko matsuguni. Makarantu kuma suka rage korar yara. Cikin shekara goma da 'yan kai kisan ya sauko zuwa wajen 60 a shekara. Wani abin lura, daga Boston ta Amurka aka aro dabarar, inda aka fara gwada ta a unguwannin baƙar fata. Magani ɗaya ya yi aiki a kan launi biyu, kuma a 2018 Landan ta koma tana kwaikwayon Glasgow.

Har yau yankin Cleveland, inda Middlesbrough take, yana sahun gaba a yawan laifin wuƙa idan aka auna da yawan jama'a, kuma yanki ne na Turawa talakawa. Abin da ya haɗa waɗannan wurare da Tottenham a bayyane yake: rashin aiki, gidajen gwamnati da aka yi wa riƙon sakainar kashi, yaran da aka kora daga makaranta, da kasuwar ƙwaya mai kuɗi wadda masu sayen kayanta ke ko'ina, har da unguwannin masu hali. Bayan tarzomar 2011, alƙaluman gwamnati da kanta sun nuna kashi 13 cikin 100 ne kawai na waɗanda aka kama ke da alaƙa da ƙungiyar daba, yayin da kashi 42 na yaran da aka gurfanar suna cikin masu cin abincin makaranta kyauta saboda talaucin gida. Ƙungiyar YMCA kuma ta lissafa cewa kuɗin da ƙananan hukumomi ke kashewa a kan cibiyoyin matasa ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 2010 da 2019.

Ba ina cewa ɗabi'a ba ta da tasiri ba ne. Akwai ɗabi'ar kan titi wadda ke koya wa yaro cewa raini ba ya wankuwa sai da jini, akwai kuma waƙoƙin da ake ɗorawa a YouTube ana yi wa abokan gaba habaici da sunan wanda aka kashe, kuma kotuna sun ga shari'o'in da irin wannan ya rura wutar ramuwa. Rashin uba a gida ma rauni ne. Sai dai wannan ɗabi'ar titi ce, duk inda aka tara samari marasa mafita tana tsirowa, ba daga Kingston ta Jamaika ko Legas aka ɗauko ta a jaka ba. Miliyoyi na sauraron waƙoƙin nan, Turawa da yawa a ciki, ba su taɓa riƙe wuƙa ba.

Sannan akwai batun yadda ake samo alƙaluman su kansu, wanda masu zancen al'ada ba sa son a tsaya a kai. Ɗan sanda yana samun laifi ne a inda ya duba. A shekarar da ta ƙare a Maris 2020, a Ingila da Wales an tsayar an caje baƙar fata 54 cikin kowane 1,000, Turawa kuwa 6 cikin 1,000. Akasarin cajin na neman ƙwaya ne, akasarinsa kuma ba ya kai wa ga komai, alhali binciken jin ta bakin jama'a bai nuna baƙar fata sun fi Turawa shan ƙwaya ba. Bayan tarzomar 2011 'yan sandan Landan sun buɗe kundin sunayen waɗanda suke zargi da daba. Da Amnesty ta bincika a 2018, ta tarar da sunaye kusan 3,800, kashi 78 cikin 100 baƙar fata, alhali lissafin rundunar da kanta ya nuna kashi 27 ne kawai na masu aikata munanan laifukan matasa baƙar fata ne. Sai a 2024 aka rufe kundin. Binciken da Lammy ya jagoranta a 2017 ya gano wani abu mai ban tausayi: saboda rashin yarda da lauyoyi da kotu, baƙar fata sun fi ƙin amsa laifi tun da wuri, don haka suna rasa rangwamen da zai iya kai kashi ɗaya cikin uku na hukunci. Rashin yardar kuwa tana da tarihi, daga samamen unguwar Brixton ta Landan na 1981 da aka tsayar da sama da mutum 900 cikin 'yan kwanaki, zuwa kisan matashi baƙar fata Stephen Lawrence a 1993 da 'yan sanda suka yi wa sakaci har kwamitin Macpherson ya ce a 1999 wariyar launin fata ta yi kaka-gida a rundunar. Rahoton Louise Casey na 2023 ya maimaita hukuncin.

To ina baƙon kirki ya shigo? Shi ne shaidan da ake kira don zancen al'ada ya tsaya da ƙafafunsa. In za ka ce ba wariya ba ce, halin mutanen ne, dole ka nuno wasu baƙi da suka yi nasara ka ce ga su nan, me ya hana ku? A Amurka aka goge wannan dabara. A Janairun 1966, watanni kaɗan bayan tarzomar Watts, unguwar baƙar fata a Los Angeles, wani masanin zamantakewa mai suna William Petersen ya rubuta maƙala a mujallar New York Times yana yabon Amurkawa 'yan asalin Japan da haƙuri, biyayya da son karatu, yana gwada su da waɗanda ya ɗauka matsala ne. Mutanen da ake yabon nan su ne aka kwashe kusan 120,000 daga cikinsu aka tsare a sansanoni a 1942 a matsayin abokan gaba.

A Birtaniya yau, mu 'yan Afirka ne aka ba wannan kujera, musamman 'yan Najeriya da Ghana. Rahoton kwamitin Tony Sewell na Maris 2021, wanda gwamnatin Boris Johnson ta kafa, ya jingina sosai a kan cewa yara 'yan asalin Afirka suna cin jarrabawar kammala sakandare fiye da 'yan asalin Karebiyan, har ma fiye da Turawan Ingila, alhali aji ɗaya suke zaune kuma fatarsu ɗaya. Daga nan ya karkata ga cewa tsarin iyali, al'ada da wurin zama sun fi wariya bayyana bambancin. Alƙaluman jarrabawar gaskiya ne. Fassarar ce ke da ɗingishi.

Biza rariya ce, kuma wanda ya ga tsabar garin da ya sauko bai kamata ya manta da abin da ya rage a sama ba. Kafin ɗan Najeriya ya taka filin jirgin Heathrow ya ci jarrabawar Turanci, ya nuna kuɗi a banki, ya biya kuɗin makaranta ko ya samu mai ɗaukarsa aiki, ya kuma biya harajin lafiya wanda tun Fabrairun 2024 ya kai fam 1,035 a shekara ga babban mutum da ba ɗalibi ba. Kimanin mutum 270,000 haifaffun Najeriya da ƙidayar 2021 ta samu a Ingila da Wales ba su ne hoton mutum sama da miliyan 200 ba. Likita ko injiniyan da ya koma gadi a Landan bai bar iliminsa a filin jirgi ba, yana zama da 'ya'yansa a kan aikin gida da daddare. In da al'adar Najeriya ce kawai ke yin wannan aiki, da ba mu kasance cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan yaran da ba sa zuwa makaranta ba. Kuma gidajen da uwa kaɗai ke riƙewa sun fi yawa a tsakanin 'yan Afirka fiye da Turawa, amma yaran na cin jarrabawa, abin da ke raunana zancen cewa rashin uba shi ne mabuɗin komai.

Abin da ya fi muhimmanci, 'yan Karebiyan da ake nuna mana a matsayin misalin lalacewa su ne baƙin kirki na jiya. Waɗanda jirgin ruwan Empire Windrush ya sauke a Tilbury a Yunin 1948, da waɗanda suka biyo bayansu, sun zo ne a matsayin talakawan Sarki masu cikakken haƙƙin zama, wasunsu tsofaffin sojojin saman Birtaniya ne. Hukumar sufurin Landan har Barbados ta je ɗaukar ma'aikata daga 1956, asibitocin gwamnati kuma sun cika da matansu masu aikin jinya. Mutane ne masu zuwa coci, masu kwat da hula, masu tsananin tarbiyya. Abin da ya samu 'ya'yansu an rubuta shi: a 1971 malamin makaranta Bernard Coard ya fallasa yadda ake tura yaran Karebiyan da yawa makarantun yara masu ƙarancin fahimta ba bisa ƙa'ida ba. Sai rashin aikin shekarun 1980, sai tsare-tsaren 'yan sanda a kan titi. Idan aka gwada jikan wannan mutum da ɗan wanda ya sauka a 2005 da digiri biyu, ba al'ada biyu ake aunawa ba, ana auna wanda ƙasar ta yi shekara 70 tana aiki a kansa ne da wanda bai daɗe da zuwa ba.

Ƙarshen labarin nasu ya fi ɗaci. Bayan Theresa May, sakatariyar cikin gida a lokacin, ta ƙaddamar da manufar ƙuntata wa baƙin haure a 2012, sai aka fara neman tsofaffin da suka zo tun suna yara su kawo takardar shaidar kowace shekara da suka yi a ƙasar, alhali ma'aikatar cikin gida ta lalata katunan saukarsu a 2010. Paulette Wilson ta zo daga Jamaika a 1968 tana da shekara 10, ta taɓa aikin dafa abinci a majalisar dokoki, amma a 2017 aka tsare ta a cibiyar tsare baƙin haure ta Yarl's Wood ana shirin mayar da ita ƙasar da ba ta sani ba. Wasu sun rasa aiki, wasu an hana su magani, aƙalla 83 an kore su bisa kuskure. Sakatariyar cikin gida Amber Rudd ta yi murabus a Afrilun 2018.

Layin da ya raba na kirki da na banza ba ya zama wuri ɗaya. Yahudawan Gabashin Turai da suka cika gabashin Landan su ake zargi da sata da ƙazanta har aka yi dokar baƙi ta 1905. A 1972, da Idi Amin ya kori Indiyawan Yuganda, majalisar birnin Leicester ta sayi fili a jaridar Yuganda tana roƙon kada su zo. Yau su ne ake buga misali da su. A 2022 gwamnati na biyan magidanci fam 350 a wata don ya sauki 'yan gudun hijirar Yukiren, a shekarar kuma ta ƙulla yarjejeniyar tura masu tsallako teku a kwale-kwale zuwa Ruwanda, cikinsu har da 'yan Sudan da Afghanistan da su ma yaƙi ya koro. A wannan shekarar ce kuma Mo Farah, wanda ya ci wa Birtaniya zinare huɗu a gasar Olamfik har aka ba shi sarautar Sir, ya bayyana cewa safararsa aka yi yana yaro da sunan wani, aka sa shi aikatau. A takarda, shi ne ainihin wanda jaridu ke cewa a kora. Masu kallon ƙwallo kuma sun ga abin da ya faru da Bukayo Saka, Marcus Rashford da Jadon Sancho a Yulin 2021: 'yan Ingila ne har zuwa bugun fanareti, da suka ɓarar sai zagin launin fata ya cika shafukansu kafin gari ya waye.

Da wani yaro ɗan shekara 17, haifaffen Cardiff, ya kashe 'yan mata uku a Southport a Yulin 2024, jita-jitar ƙarya cewa Musulmi ne mai neman mafaka ta isa ta sa aka kai wa masallacin garin hari, aka kuma yi yunƙurin ƙona otal cike da masu neman mafaka kusa da Rotherham. Akasarin waɗanda aka ɗaure kan wannan tarzoma Turawa ne. An kira su 'yan iska, an kira su masu tsattsauran ra'ayi, wasu ma sun nema musu uzurin talauci da watsi da aka yi da garuruwansu. Ba a yi wa Turawa kuɗin goro ba.

Mu 'yan Arewa muna da dalilin sauraron wannan da kunnen basira, domin rarrabawar ba ta tsayawa a kan Afirka da Karebiyan. Kemi Badenoch, wadda aka haifa a Landan a 1980 ta tashi a Legas, ta rubuta a Satumban 2024, tana neman shugabancin jam'iyyar Conservative, cewa ba duk al'adu ne darajarsu ɗaya ba idan ana maganar wanda za a bari ya shigo. Bayan ta ci, a Disamba, ta shaida wa mujallar Spectator cewa ita Bayarabiya take ɗaukar kanta fiye da 'yar Najeriya, kuma babu abin da ya haɗa ta da mutanen Arewa, inda ta ambace su tare da Boko Haram. Dabarar Starkey ce sak, an sauya mata riga kawai: laifin 'yan tsiraru ya zama halin miliyoyi, har da waɗanda suka fi kowa mutuwa a hannun masu laifin. Wanda ya tuna mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a Maris 2025, suna hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano, bisa zargin su masu garkuwa da mutane ne, ya san inda irin wannan lissafi ke kaiwa. Mu ma kuma ba mu tsira ba, a ji yadda ake ambaton Bafulatani a wasu majalisunmu yanzu.

Ita kanta kujerar da aka ba ɗan Najeriya ta fara girgiza. Lokacin da jami'o'in Birtaniya ke neman kuɗi, gidajen kula da tsofaffi kuma ke neman hannu bayan korona, an buɗe ƙofa, 'yan Najeriya suka shiga da iyalansu. A 2022 an ba iyalan ɗalibai 'yan Najeriya biza kusan 60,000, fiye da na kowace ƙasa, sai zance ya juya ya koma cewa ana fakewa da karatu ne don shigo da dangi. Daga Janairun 2024 aka hana akasarin ɗaliban digiri na biyu zuwa da iyali, a Maris aka hana masu aikin kula da tsofaffi, a Afrilu aka ɗaga mafi ƙarancin albashin bizar ƙwararru daga fam 26,200 zuwa 38,700. Gwamnatin Labour ta Keir Starmer da ta zo bayan nan ba ta sassauta ba: a Mayun 2025 ta sanar da rufe ɗaukar masu kula da tsofaffi daga ƙetare gaba ɗaya, jaridun ƙasar kuma suka ruwaito cewa Najeriya, Pakistan da Sri Lanka na cikin ƙasashen da za a tsaurara wa biza, bisa zargin mutanensu sun fi zarce wa'adi su nemi mafaka.